Keken da Na Haɗa wa Baba

Ni ne ɗan fari a gidanmu, don haka mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. Ko muna zaune a tabarma ɗaya, idan yana da magana da ni sai ya juya wajen ƙanwata, autarmu, ya ce, "Gaya ma wancan kaza." Ni kuma in ba ta amsa, ita ta maimaita masa abin da ya riga ya ji da kunnensa. Haka muka taso, kuma ban taɓa jin abin ya dame ni ba, sai shekarar da kekensa ya mutu.

Baƙin keke ne mai nauyin tsiya, irin na da. A kansa Baba ya yi shekara da shekaru yana zuwa gonarsa ta hanyar Batagarawa daga gidanmu na Ƙofar Guga. A farkon wata damina ƙarfen jikinsa ya tsage daidai gindin feda, aka ce ba zai ɗauki walda ba. Ƙanwata, wadda ma'aikaciyar jinya ce, har hamdala ta yi. Ta ce mutum ya haura saba'in, ya kamata ya huta, in gonar yake son gani a samo mai babur ya riƙa kai shi. Baba ya ce shi ba buhun taki ba ne da za a ɗora a bayan babur.

Mako uku ya yi a ƙofar gida. Ruwa na sauka, mutane na wucewa da fartanya, shi yana zaune yana faɗa da kaji. Ya rage cin abinci. Na ga tsufa na neman kama shi a zaune, hankalina ya tashi ƙwarai.

A lokacin ni kaina na shiga haukan keke. Likita ya ce in riƙa motsa jiki, na haɗu da wasu abokan aiki muna fita ranar Asabar, na kuma cika wayata da bidiyon masu tseren keke har na fara jin ni ma gwani ne. Sai na yanke shawara zan haɗa wa Baba keke na musamman, na ƙarfe kamar yadda ya saba amma mara nauyi, wanda gwiwar tsoho za ta iya turawa. Ƙanwata ta ce ba da yawunta ba.

Na samo jikin keken a wajen 'yan gwanjo, siririn ƙarfe mai kyau da ake ɗagawa da yatsa biyu. Ya yi wa Baba tsawo, sai an rage shi. Ba yadda za a yi in durƙusa in gwada ƙafar mahaifina da awo, saboda haka na faki ido na auna wandonsa a kan igiyar shanya, na kai wa mai walda.

Sauran kayan kuwa a Ƙofar Durbi muka zaɓe su, ƙarƙashin bishiyar bedi, wajen tsohon da ya yi shekaru yana gyara keken Baba. Sa'ansa ne, tare suka yi makarantar allo. Kusan kullum in na tashi daga ofis sai na biya, mu baje kaya a ƙasa mu yi ta gardama. Na so siririyar taya irin ta tsere, ya tuna mini yashin da ke bayan gari, muka tsaya a matsakaiciya. Na kawo kan keke mai lanƙwasa kamar ƙahon rago, ya juya shi a hannu, ya dube ni.

"Ɗana, so kake uban naka ya tahi gona shina ruku'u?"

Na yi dariya na mayar da shi, aka sa miƙaƙƙe. Sirdin fata na tsohon keken muka ciro, don ya riga ya san mai shi. Na saka giyar sauya gudu saboda hawan tudu, da birki mai kamawa da wuri, da ƙaramar kariya ta ɗaura fartanya. A duk waɗannan na saurari tsohon, ko ya saurare ni.

A kan murfin sarƙa ne na kafe. Murfin nan na kwano da ke rufe sarƙa gaba ɗaya, ni a ganina nauyi ne kawai da ƙara, ga tara yashi, ga shi ba ya zama daidai da giyar da na zaɓa. Babu keke ko ɗaya a cikin bidiyoyina mai irinsa. Har 'yan kunnuwan ƙarfen da ake ɗaura shi a jikinsu na sa mai walda ya goge, aka bi da fenti shuɗi, wurin ya yi sumul.

Tsohon ya shafa wurin da babban yatsa. "Ka tambayi uban naka kuwa?"

"Baba, ai da kayan gona yake hawa," na ce wa tsohon. "'Yar shara ce da wando."

"Ran Juma'a hwa? Ran ɗaurin aure?"

Na ce za a kiyaye. Gaskiyar ita ce ban tambaya ba. Ni da Baba ba ma irin wannan hira, kuma wadda zan aika ta tambayo mini ita ce mai adawa da keken tun farko, ban so in ba ta abin faɗa. Ga kuma girman kai na wanda ya kalli bidiyo.

Ranar da na kai keken, Baba ya zagaya shi sau biyu. Ya ɗaga shi da hannu ɗaya, na ga mamaki a fuskarsa. Ya danna sirdi, ya kaɗa ƙararrawa. Sannan ya sunkuya ya taɓa sarƙar, baƙin mai ya shafi yatsansa, ya goge a bango. Ya ɗan jima yana kallon wurin.

"Gaya ma wancan Allah shi yi albarka," ya ce wa ƙanwata.

Na ga wannan kallon da idona, na ɗauka sha'awa ce.

Wata biyu ya yi yana hawa. Cin abincinsa ya dawo, faɗa da kaji ya ƙare. Yakan dawo da yamma da ɗanyar kuɓewa ɗaure a kariya. Na riƙa yi wa ƙanwata tsiya ina tambayarta ina mai babur ɗin nata. Ban taɓa jin na yi wa mahaifina abin kirki kamar a wata biyun nan ba.

Wata Juma'a ya sa babbar riga ya nufi masallaci. Bai yi nisa da ƙofar gari ba ya faɗi, ƙashin ƙugunsa ya karye. A asibiti duk wanda ya zo dubiya, labari ɗaya Baba ke ba shi, wai akuya ce ta gitta masa. Na yarda, don ina son in yarda.

A kwana na uku ƙanwata ta kira ni waje, ta ciro rigar daga leda ta miƙo mini. Gefen ƙasanta ya tattaune, ga sawun haƙoran ƙarfe baƙi a jere a kan farar shadda. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na ɗauki keken na nufi Ƙofar Durbi. Muka gaisa, tsohon ya tambayi mai jiki, na ce da sauƙi. Na ce murfin nake so a sa, ko da giyar za a cire. Ya ci gaba da ɗaure wata taya bai ɗago ba.

"Sau biyu uban naka ya zo nan," ya ce. "Ya ce in sa mashi murhin, amma kada in gaya maka. Na nuna mashi babu inda zan ɗaura, sai an koma wajen mai walda. Ya ce a'a, wuta za ta ɓata hentin, yaron zai gane, zai ga kamar an raina aikinshi. Sai ya ce zai riƙa naɗe rigar a kahwaɗa."

Na zauna a kan benci. Kunya da baƙin ciki suka rufe ni, har da fushi da Baba kansa, da ya zaɓi ya riƙa fama da riga a kan titi maimakon ya ce wa ɗansa kalma ɗaya. Amma ni ma kalma ɗaya ce ta gagare ni.

An yi walda, an cire giya, an sa murfin. Fentin ya ƙone a wuri biyu, ban sa an gyara ba. Na jingine keken a zauren gidanmu ina jira.

Baba ya tashi bayan watanni, amma da sanda, yana jan ƙafa. Geron shekarar wani ɗan'uwanmu ne ya yanke shi, da damina ta sake zagayowa kuma shi aka ba aron gonar. Ni dai ban fid da rai ba. Duk Asabar sai na zo na goge keken, na buga masa iska, ina cewa a raina ƙafar za ta saki.

Wata Asabar ina cikin bugun iskar, Baba ya fito da sandarsa, ƙanwata na biye da shi da tabarma. Ya tsaya a kaina. Ya miƙa sandar ya ƙwanƙwasa murfin a hankali, ya ji ya zauna daram, ya gyaɗa kai. Na ɗago ina jiran ya ce a riƙe masa ya gwada.

"Gaya ma wancan aiki ya yi kyau," ya ce. "Amma ya tahi da shi gidanshi. In ina ganin shi nan, sai in riƙa jin kamar zan iya."

Ƙanwata ba ta maimaita ba. Na cire famfon, na fitar da keken daga zauren, na tura shi da ƙafa har gida.