Lauwali da Zanen Fensir a Rigar Alhaji Ya'ƙub

Lauwali mai wanki da guga ne a garin Jega, kuma ban taɓa ganin mutumin da bakinsa ya fi hannunsa aiki kamarsa ba. Ubansa ya bar masa gona mai kyau a Sabiyal, ya ce shi ƙasa ba ta dace da tafin hannunsa ba. Ya shigo Jega da dutsen guga na gawayi da baho biyu, ya kafa rumfa. Wankin ma yawanci matarsa Binta ke yi a cikin gida. Shi nasa ya hau benci yana kaɗa ƙafa, yana cika mutane da labarin wai manyan Sakkwato sun san hannunsa. Ranar Juma'a in ka ga ya yi kwalliya, ka duba da kyau, wataƙila rigarka ce a jikinsa.

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi, Alhaji Ya'ƙub, wani dillalin albasa na Aliero, ya ɗinka babbar riga ta farar shadda mai aikin hannu da shuɗin zare. Da ita zai bi tawagar 'yan kasuwa zuwa Birnin Kebbi gaisuwa. Aibinta ɗaya: mai zane ya fitar da aikin da fensir, zaren bai rufe layin duka ba, ga shi nan baƙi-baƙi a gefen ƙirji.

"Lauwali, ka iya hidda wanga zane?" in ji Alhaji.

"Haba Alhaji! Ni da nih hidda baƙin mai ga rigar alkali? Tahi abinka, jibi ka amshe ta awa madara."

Da ya shiga gida da rigar, Binta ta ɗaga ta a rana ta duba.

"Malam, kada ka sa mata ruwa tukuna. A samo robar da 'yan makaranta ka goge rubutu da ita, a bi layin a bushe sannu-sannu. Abin da yar rage, sabulu da ruwan sanyi sun isa."

Ya yi mata kallon sama da ƙasa. "Rigar Alhaji za ni bi da kayan wasan yara? Ke dai tsaya ga tuwonki."

Ya tsoma rigar a ruwan zafi ya cuɗa da ƙarfi, layin fensir ya baje ya zama toka-toka. Ya zuba kananzir, sai wari ya ƙaru a kan tabon. Daga nan ya tuna wai ya taɓa ji albasa na cin datti. Ya raba wata babbar albasa biyu ya dirje ƙirjin rigar da ita, bai ko ɗauraye ba ya ɗora dutsen guga. Ruwan albasa ya ji wuta, ya fito ja kamar an zuba shayi. Mai hankali da nan zai tsaya ya nemi taimako. Lauwali kuwa kanti ya nufa ya sayo bilic, ya kwarara shi tsagwaronsa, ya koma benci ya ci gaba da surutu. Kafin la'asar shuɗin zaren ya koɗe, shaddar ta yi laushi, yatsa na taɓa ta sai ta ɓule.

Ranar alkawari Alhaji ya zo da mutanensa. Ya warware rigar, ya hango rumfar maƙwabci ta cikin ƙirjinta. 

Lauwali ya gyara murya. "Amma dai Alhaji ka lura, hensirin ya hita sarai. Sauran laihin na mai zane na."

Alhaji bai zage shi ba, bai kai ƙara ba. Ya ninke rigarsa ya hau mota. Sai dai bakin dillalin albasa ya fi kasuwa faɗi. Kafin mako ya zagayo, mutane suna zuwa suna kwashe kayansu, wasu da danshinsu. Lauwali ya ce hassada ce irin ta mutanen Jega, ya sayar da dutsen gugar ya koma Maiyama ya zama ɗan kamasho a tasha. Binta ta ƙi binsa.

Ganina da shi na ƙarshe, yana tsaye kan wani direba da ke kwance ƙarƙashin motarsa, yana koya masa gyaran birki. Direban ko kai bai ɗago ba.