Baba Awudu Mai Shela da Leda Mai Koren Ganye

A unguwarmu ta Mamobi duk abin da bai fito daga lasifikar Baba Awudu ba, jita-jita ne. Shi ke shelar suna da ɗaurin aure da rasuwa, lungu-lungu, da 'yar lasifikarsa rataye a kafaɗa. Ni maƙwabciyarsa ce, koko nake sayarwa a ƙofar gidansu, na kuma san halinsa sarai. Mutum ne mai zargin tsiya. Ka ce masa ana ruwa, sai ya miƙa hannu waje tukuna. Masu maganin basir sun yi ta binsa ya yi musu talla, ya ce shi bai sha ba, ba zai ce wani ya sha ba. Muna tsokanarsa, amma saboda wannan halin ne muke yarda da shi.

Ɗansa ɗaya, Ukasha, ya gama makaranta ya daɗe yana zaman banza. Rannan sai ga shi da riga mai tambari da kwalin leda, wadda mu nan muke kira roba. Wani kamfani a unguwar Adabraka ya ɗauke shi. Kowace leda da hoton koren ganye, wai in ka yar sai ta ruɓe ta zama ƙasa. Ni tun a nan jikina ya ba ni. Me kamfani ya gani a Ukasha, in ba muryar ubansa ba?

Haka kuwa aka yi. An ce masa aiki zai tabbata in tsohon ya yi shela.

Baba Awudu ya karɓi leda biyu. Ya tsoma ɗaya a bokitin ruwa, ya binne ɗaya tare da ganye a tsohuwar tukunyar da Rabi'atu matarsa take shuka a ciki. Wata ya zagayo, ya tono. Ganyen da ya binne tare da ita ya ruɓe, leda kuwa ko gezau, ta bokitin ma haka. Ya sa aka karanta masa ƙaramin rubutun da ke ƙasan ledar, ashe sai a wani inji mai zafi take ruɓewa, injin da ba wanda ya taɓa gani a unguwarmu.

Ina zuba koko na ji shi da Ukasha a soro.

"Zan ce tana da ƙarfi, ana wankewa a sake amfani da ita," in ji tsohon. "Wannan na gani da idona."

"Baba, ba shi suke so ba. Ka ce tana narkewa kawai. Kowa haka yake talla. Ka so in zauna a benci har in tsufa?"

 Wallahi tsohon ya ba ni tausayi, na kuma ji haushin yaron, duk da na san zaman banza ba daɗi.

Ranar Juma'a ya fita da lasifika ya faɗa cewa narkewa take. Muryarsa ba ta ko yi rawa ba. Masu koko da masu tuwo da masu shinkafa da wake muka saya, har waɗanda suka saba ƙunshi da ganye suka daina. Mutane kuma suka saki jiki suna zubarwa a kwata, tunda Baba Awudu ya ce narkewa take.

Da damina ta kankama, kwatar layinmu ta toshe, ruwa ya shiga ɗakuna. Samari suka fito da shebur, abin da suke kwasowa tuli-tuli sai leda, koren ganyenta fes kamar yau aka buga. Ba wanda ya zagi tsohon. Ukasha ma yana nan da aikinsa, har ya sayi babur.

Bayan kwanaki Hajiya Wadia ta lungun masallaci ta rasu. Baba Awudu ya biyo layi yana faɗar lokacin jana'iza. Zelia mai tuwo, wadda ruwa ya ɓata wa katifa, ta leƙo ta taga. Ba da gatse ta yi ba, tambaya take tsakaninta da Allah.

"Baba, da gaske ne ta mutu? Bari in aika a dubo."

Ya tsaya da lasifikar a bakinsa, a kunne, duk layin muna jin numfashinsa.