Kwamfutocin da Suka Ƙi Gaida Uwarsu

Matso kusa ka ji. Wanga labari na zamanmu na Anka ne, lokacin da maigidana yake kula da kwamfutocin wani ofishin lafiya, inda ake ajiye sakamakon jinin yaran ƙauyukan zinare. Ni ban yi boko ba, ofishin ma ban taɓa taka shi ba. A bakin murhu na san shi, don maigida ba ya iya cin tuwo bakinsa shiru.

Ya ce akwai babbar kwamfuta, ita ce uwa, an ja waya daga gare ta zuwa ƙananan. Wurinta ya rubuta dokoki: wane zai ga kaza, wane ba zai gani ba. Duk ma'aikacin da ya sa sunansa da lambar sirrinsa ya shiga, sai ƙaramar ta gaida uwa ta karɓo doka.

To, ƙananan sun ƙi karɓowa. Shugaban ofishin ya ce in abin ya gagara za a ɗauko wani daga Gusau. Ke nan mu tattara mu bar gidan da na dasa lemo da hannuna. Maigida ya canza waya, ya sake rubuta doka, har ya fara rage mini tuwo.

Wata rana ya ajiye kayan gyara ya zauna yana kallo kurum. Ashe ba mai cire sunansa ya fita daga kwamfuta, balle wani ya sa nashi ya shiga. Sola ba ta yanke musu wuta, kuma wanda ya gama aiki sai ya tashi ya bar kwamfuta buɗe saboda na baya. Ya tambayi wata nas Kirista da ta daɗe cikinmu har bakinta ya koma namu dalilin haka.

Ta ce, "Haba Malam, in kulle ta ga abokiyar aikina tsaye? Mi za ta ɗauke ni, marowaciya?"

Ya ce, "Uwar ɗakina, kirkinku zai kore ni daga gari."

Tebur-tebur ya bi yana ban haƙuri, kowa ya fita in ya gama, na baya ya sa sunansa ya yi tashi sallamar. An ɗan yi mashi gaba, amma doka ta kama. Muka zauna har lemon nan ya yi 'ya'ya, na aika wa nas ɗin kwando guda.

Yau ina Gummi gidan ɗana, maigida ya riga mu gidan gaskiya. Har yanzu ban ga laifin matar nan ba. Kai, da ɗan'uwanka na tsaye yana jiran kujerarka, hannunka zai iya kullewa?