Addar Yaya Sale da Tsutsar Masara

Shekara shida ke nan cif da muka kai yayana Sale makwancinsa a Rawayau, Allah ya jiƙansa. Na saba duk shekara in rubuta masa addu'a in yi shiru. Bana na kasa shiru, domin baƙuwar tsutsar nan da ya yi ta faɗa da ita har ya koma ga Allah ta cinye mana gona.

Wanda bai taɓa noman masara ba zai ce tsutsa ce kawai. Ba irin tamu ba ce, kakanninmu ba su san ta ba. Tana shigewa can tsakiyar ganyen da bai gama buɗewa ba, ta ci ta bar kashi kamar dusa. Damina ta farko da ta bayyana, Yaya ya zagaya gonarsa sau ɗaya, ya ɗauko adda ya sare rabin da ya kamu, ya tara ya cinna wuta. Mutane suka ce ya taɓu. Bai kula ba, ya bi gida gida yana kiran gayya. Kullum bayan sallar asuba maza da mata su shiga gonaki da ƙwaryar toka haɗe da rairayi, a buɗe kowace masara a zuba mata, a murtsuke ƙwan da ke bayan ganye da yatsa. Yau gonar wannan, gobe ta wancan.

Ni a lokacin ina koyarwa a Dutsin-Ma, ina jin kaina ɗan boko. Na zo masa da maganin feshi a bayan babur, na ce ya bar wahalar da mutane da toka kamar masu wankin tukunya. Ya juya kwalbar a hannunsa, ya miƙo mini.

"Malam, wagga tsutsa ba a yi mata aike. Sai ka tahi da kanka ka iske ta."

Dariya na yi. Da ya rasu gayyar ta bi shi, kuma ni ne na fara daina fita. Shekara biyu feshi ya yi aiki, ina ta cika baki. Yanzu ka fesa da safe, da yamma ka tarar da ita tana ci kamar ka zuba mata miya. Da na sani ƙeya ce.

Gonarmu ta daji ba ta shiguwa saboda 'yan bindiga, kowa a yankin nan ya san haka. Ta bakin gari ita kaɗai ta rage, kuma da ita nake ciyar da gidana da marayun Yaya huɗu da mahaifiyarsu, Yaya Hinde. Shekaranjiya mai unguwa ya tara dattawa, aka yanke cewa duk gonar da ta kamu sosai a sare ta a ƙone kafin Juma'a, ko maƙwabta da suka yi shukar baya za su tsira. Tamu ce ta farko da aka ambata. Na roƙi mako guda, na ce wata masarar ta fara goyo. Na ce uwar tsutsar mai fuka-fuki ce, ko an ƙone za ta taso daga wani gari. Ba wanda ya ƙaryata ni, ba kuma wanda ya ɗaga mini ƙafa.

Wallahi tsoro nake ji. In na sare, sai dai in watsa wake in roƙi Allah ruwa ya kai. In bai kai ba, ban san me zan zuba a rumbu ba. Ina ta tambayar kaina, da Yaya na nan zai ce a sare? Ko zai ce ku da kuka watsar da toka ba ku da bakin magana? Ina jin duka biyun zai faɗa, sannan ya riga kowa shiga gonar.

Bai bar dukiya ba. Abin da ya bari shi ne ba ya neman kowa ya yi asarar da bai fara yi ba. Jiya na je wa Yaya Hinde da bayani, ina ta kwana-kwana don kada ta ce na tozarta abincin 'ya'yanta. Ta shiga ɗaki ta fito da addarsa, ta riga ta wasa ta.

"Shi bai jira mai unguwa ba," in ji ta.

Gobe Alhamis. Na aika gida gida cewa bayan asuba zan fara saran masarar daga kunyar gabas, kuma duk mai zuwa ya taho da tokarsa, don gonar maƙwabcina za mu wuce.