Shekarar da Kamfani Ya Kwashe Mana Magina

Shekarun baya can, tun Turawa ba su tafi ba, ina sabon ango ina rini a Ƙofar Mata, wani babban kamfanin gini ya sauka a bayan ganuwa yana jera gidajen siminti. Kafin mu farga ya kwashe maginan unguwarmu kaf. Har azara sai da ta yi wuya, don duk wadda ta shigo gari shi ke rigan kowa saye.

A lokacin kowane gida da magininsa na gado. Namu wani dattijo ne, kakansa ne ya gina ɗakin mahaifiyata. Duk bazara yakan zo ya yi yaɓe ko ba a aika masa ba. Wannan shekarar shiru, ga rufin ɗakin ya tsage, ga hadari ya fara haɗowa. Mahaifiyata kuwa ta kafe ba za ta fita ba, a ciki ta haife mu. Na tsorata ƙwarai.

Na tafi nemo shi, amma son kallo ya ci ƙarfina. Na yi tsaye gaban injin kwaɓa siminti baki buɗe, har na manta abin da ya kai ni. Na tambayi shugaban leburori wa zai riƙa zuwa wa gidajen nan yaɓe duk shekara. Ya yi dariya, ya ce su in sun gama ba sa waiwayowa, wani garin za su wuce. Abin ya ɗaure min kai, magini ya gina gida bai san ma wanda zai kwana ciki ba.

Can na hango dattijon yana miƙa bulo. Kafin na gama gaishe shi ya ce, "Tsagar wajen indararo ce ko?" Na ce ita ce. Ya ce kamfani ba ya sakin kowa sai Lahadi.

Ran Lahadi kuwa sai ga shi. Mahaifiyata ta tsokane shi cewa ta ji ya zama ɗan kamfani. Yana taka ƙasa ya ce, "Iya, kamfani baƙo ne. Ɗakin nan in ya faɗi, sunan kakana za a kira." Damina ta zo ta wuce, ko ɗigo bai zuba ba.

Yanzu ni ma a gidan siminti nake. Bara bangon ɗakina ya tsage, na daɗe ina kallonsa, ban san wa zan aika wa ba.