Madarar da Na Dama wa Inna

Uwar mijina, Inna, ta dawo wurinmu a Badarawa shekarar da ta karye a wuyan hannu. Ba wata faɗuwar kirki ba ce. Turmi ta jawo, ta dafa ƙasa, sai ƙashi ya ce ɓas. Likita ya ce ƙasusuwanta sun yi rauni kamar yadda na tsofaffin mata kan yi, a riƙa ba ta madara.

Ni kuwa lokacin ina buga tafireta a ma'aikatar gwamnati, ina ji da bokona, maganar likita a wurina yankan wuƙa ce. Na sayo babban gwangwanin madarar gari. Na kuma sallami Bafillatanar da ke kawo mata kindirmo daga wajen Katabu, wai ni mai tsafta, ban yarda da ƙwarya da ƙuda ba. Kullum kafin in fita aiki sai in dama kofi guda mai kauri, in durƙusa in miƙa mata.

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan," take cewa. Ta karɓa da hannu biyu, ta shanye tas ina kallo.

Sai in fita ina jin kaina surukar da babu irinta a Kaduna. Ashe da na ba da baya cikinta zai ɗauki ƙugi, ya kumbura, ta yi ta zaryar bayi har azahar. Alwala ba ta tsaya mata. Kafin ta idar da salla ɗaya sai ta ɗaura uku. Na ga tana ramewa, na ce madarar ce ta yi kaɗan, na ƙara cokali.

Wata Asabar da damina ina wanki a tsakar gida, na ga ta fito da sauri, buta a hannu, ko takalmi babu. Simintin ƙofar bayi ya yi gansakuka. Santsi ya kwashe ta. Wannan karon ƙugu ne ya karye.

A asibiti wata nas dattijuwa ta tambaye ta cikin raha ina za ta da gudu haka. Inna ta juya fuska bango, ta faɗa mata abin da madarar ke yi wa cikinta, murya ƙasa-ƙasa. Nas ta ce mutane da yawa cikinsu ba ya karɓar madara, amma nonon da ya kwana ya yi tsami yakan zauna musu lafiya, kuma shi ma yana gina ƙashi. Ina tsaye riƙe da fulas ɗin madarar da na damo mata, na rasa inda zan sa kaina.

Da nas ta fita, haushi ya riga kunya zuwa bakina.

"Haba Inna! Wata huɗu! Me ya hana ku faɗa mini?"

"Da wane bakin zan gaya wa matar ɗana abin da ke kai ni bayi?" ta ce. "Kuma abin da aka durƙusa aka ba ka, ai ba ka cewa ba ka so."

Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifin, ita da kunyarta ko ni da iyayina. Ba ta iya faɗa ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Ta ƙara shekara shida a duniya, duk sallolinta a zaune, kuma har ta rasu ko sau ɗaya ba ta ce ni ce sila ba. Da ta faɗa, da na samu sauƙi.