Kaset ɗin da Ticha ya tafi da shi

A shekarar da cutar bushiya ta shiga shanun ƙasarmu ina aikin malamin dabbobi a Shagari. Ban san zama ba. Da safe ina rugagen bayan Mandera da allura, da rana ina tura babur ina neman mai, don lokacin komai ya yi wuya, sabulu ma sai da layi. Ranar Asabar kuwa Boɗinga nake nufa, wurin Ticha.

Ticha mutumin Gana ne, yana koyar da lissafi a sakandare. Yana da wata 'yar kwamfuta da ba ta kai allon karatu faɗi ba, yana jona ta da talabijin da batirin mota. Da an kashe ta, ta manta komai. Abin da kake so ya zauna sai ka tura shi cikin kaset ta rikoda. Shi ya koya mini rubuta mata umarni, layi bayan layi.

Abin da ya dame ni shi ne in gane ta inda cutar ke bi. Sai na rubuta tsarin da zai tambaye ni ƙauye, da mai garke, da ranar da aka ga alama, da abin da ya rage. Amma adana amsoshin a kaset ya gagare ni.

"Malam, kada ka wahala," in ji Ticha da Hausarsa mai karkata. "Na riga na rubuta wannan. Jawo nawa kawai."

Haka muka riƙa yi. Mu fara ɗora ɓangarensa daga kaset ɗinsa, mu ɗora nawa a kai. In na gama shigar da garke, nawa ya kira nasa, nasa ya jera bayanan ya zuba a kaset na uku. Ban taɓa leƙa cikin nasa ba, tunda yana aiki.

Ina daji aka yi shelar baƙin da ba su da takardu su bar ƙasa. Ko da na iso Boɗinga, na tarar da dattijon da ya ba shi haya zaune a ƙofar gida yana gyaran igiyar guga.

"Ya tahi tun Laraba, ɗana," ya ce. "Ya ce in ba ka wagga na'ura da talabijin. Ya so ya ishe ka, mota ba ta jira ba."

Na zazzage kwalin da ya bar mini a ƙasa. Ga kaset ɗina, ga na bayanai. Na Ticha babu. Ina jin ya bi cikin na waƙoƙinsa, don kamarsu ɗaya.

Na sa na bayanan a rikoda, sai ƙara kamar kukan gyare. Duk garkunan da na zaga suna ciki, ba ni da hanyar buɗe su. Na tafi tashar Sakkwato ina tambayar direbobi. Na dawo na ɗaga tabarmar ɗakin Ticha, na duba bayan ƙyaure. Aka ce akwai wani tela ɗan ƙasarsu a Danchadi, na je na iske shagon da kwaɗo. Maganin allura ya ƙare a ofis, ga shi ba abin yi, amma kullum sai na tayar da babur.

"Maigida, ka zamna ka ci abinci mana," matata ta ce. "Mi kake bi haka?"

Na ɗauki makullin babur na fita. Washegari na koma Boɗinga, na naɗe na'urar a zane, na ɗauro ta zuwa Shagari, na zauna a zaure na fara rubuta nawa ɓangaren adanawa. Gwajin farko, sunan ƙauye ya manne da na mai garke, rana ta shige cikin adadin shanu. Na sa waƙafi tsakanin kowane biyu. Na biyu, na manta in sa alamar ƙarshe, na'urar ta yi ta jira har zaren kaset ya ƙare. In na gyara layi ɗaya sai in miƙe in zaga gida, in dawo batir ya yi sanyi, in ɗauke shi zuwa wurin mai caji. A haka dai wata hantsi na kashe ta, na kunna, na jawo ɓangarena, garken gwaji ya fito daidai yadda na sa shi.

Tsohon kaset ɗin bai taɓa buɗuwa ba, don jerin Ticha daban ne da nawa. Dole na sake bin rugage daga farko. Wasu sun tashi. A wata ruga na iske wani tsoho shi kaɗai a gindin gawo, turaku a kafe, ba dabba. Na gaishe shi, na tambayi abin da ya rage.

"Rubuta dai, malam," ya ce. "Ba ko guda."

Na rubuta. Ya tambaye ni ko ta Shagari zan bi, yana so ya ga ƙanensa. Na ce ya hau. Ya shiga bukka ya ɗauko sandarsa da buta, muka kama hanya.